Hamdiya da Saniyar da Ta Shiga Teku

Hamdiya 'yar Damagaram ce, sai da ta kai shekara ashirin da biyar ta fara ganin teku, amma a kan kunkurun teku ta yi karatunta a Lyon. Ni kitso nake yi a unguwar Barbès a Paris, a nan muka saba in ta zo gari. Tana zaune ina yi mata kai, tana ba ni labarin labo, ɗakin bincikensu.

Ta ce a jikin kowane kunkuru akwai wani ɗan ADN, ƙwayar halittar gado, a cikin abin da suke kira mitokondiri, wanda daga uwa kaɗai ake gadonsa. Da shi take gane bakin tekun da aka ƙyanƙyashe kunkuru, don matan kunkuru can suke komawa su yi ƙwai. Na ce ashe dangin uwa take nema musu. Ta ce ai na fi malaminta iya bayani.

Shekararta ta ƙarshe aka aiko mata da 'yan guntayen fatar kunkuru arba'in zuwa Paris, cikin ƙananan kwalabe. A kansu digirinta ya dogara. Ta ɗauko su a akwatin sanyi, ta biyo gidana a Saint-Denis cin abinci kafin jirgin Lyon. Mu kuwa baƙo ba ya fita hannu wofi. Tana salla na buɗe akwatin na cusa mata ledar dambun naman shanu. Na ga wuri mai sanyi ne.

Ledar ta fashe a hanya. Hamdiya ta goge kwalaben, ta ɗauka shi ke nan. Bayan mako uku ta kira ni.

“Raliatou, albishirinki. Na gano uwar kunkuruna. Saniya ce.”

Ashe ADN ɗin dambun ya gauraya da na kunkurun. Na yi ta kuka, ita tana dariya tana cewa in bari. Daga baya na ji kwana biyu ba ta ci abinci ba. Kwalabe tara ne kawai suka tsira, waɗanda ke cikin wata leda daban. Malaminta ya ce tara sun yi kaɗan. Ta roƙi wata shida, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta fitar da abin da ya gamsar da shi.

Ranar da ta kare aikinta a gaban malamai na je Lyon. Ban gane komai ba sai shafin godiya. Sunana na nan, ƙarƙashinsa ta gode wa wata saniya. Da yamma muka ci shinkafa a La Guillotière, ta hana ni taɓa jakarta.

Bara ciwon zuciya ya ɗauke ta, tana da shekara talatin da huɗu. An kai ta Damagaram, kusa da mahaifiyarta. Kwafin littafin da ta ba ni yana shagona, saman madubi. Allah ya jiƙanki, Hamdiya tawa.