Gaisuwar Suruki da Yagaggen Faifai

Shekarar da bayana ya ƙi ni, injin ban-ruwa na ɗauka a fadamarmu ta Gummi. Na ɗaga shi ni kaɗai don mutanen gonar kusa su ga har yanzu da saura. Sun gani kuwa, don su suka kai ni gida a amalanke.

Wanzami ya yi mini ƙaho har bayana ya koma kamar rariya, ciwon na nan, har ya fara sauka ƙafar hagu. Daga ƙarshe aka kai ni asibiti Sakkwato, aka tura ni cikin wani bututu aka ɗauki hoto. Likita ya ce tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai wani faifai mai taushi, nawa ya yage yana danne jijiya. Ni da karatuna bai wuce izu biyu ba, faifan da na sani shi ne na rufe ƙwarya, amma na gyaɗa kai kamar na daɗe ina zargin haka.

Ya ce ba sai an yi aiki ba, muddin na kiyaye. Ya ba ni ƙwayoyi, ya haɗa ni da masu gashin ƙashi. Su suka koya mini in kwanta rubda-ciki in ɗago ƙirji bisa gwiwar hannu, kamar ƙadangare a kan katanga. In riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, salla a kan kujera. Babu ɗaukar kaya, babu hawan kabu-kabu, babu durƙuso. In na karya doka, wuƙa na jirana. Ni kuwa ko allura sai an riƙe ni.

Duk na iya, ban da durƙuson. Surukina malami ne a Nasarawa Burkullu, tsoho ƙwarai, kuma tun da na auri 'yarsa ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Furfurata ba ta ɗauke mini wannan ba. Sai na daina zuwa. Salla ƙarama ta wuce ban je ba, babba ma haka. Uwar yara ta dawo daga ganin gida ta ce Malam ya tambaya ko shinkafa ce ta yi mini albarka har na manta hanya. Ta ce ta so ta yi masa bayani, kunya ta hana ta zancen bayan miji a gaban uba.

Na sami kujerar gaban wata mota, na tokare ƙugu da filo, muka bi hanyar nan mai ramuka. Na iske Malam a zaure bisa buzu, da manyan ɗalibansa kewaye da shi. Na cire takalma daga nesa. In na durƙusa ga wuƙa, in na tsaya ga rashin kunya. Sai na yi abin da aka halatta mini: na bi bango na sauka a hankali, na miƙe rubda-ciki a ƙofar zaure, na ɗago ƙirji, na ce Allah gafarta Malam, mun same ku lafiya.

Malam ya dube ni ta saman tabarau.

"Mi kaka yi haka? Wagga wace irin gaisuwa ta?"

Daga nan kwance na ba shi labarin injin da faifai da wuƙa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya yadda nake salla. Na ce a kan kujera.

"To wanda Ubangiji Ya yarje mai shi yi salla zaune, ni wane ne da zan ce sai ya durƙusa min? Tashi, kada mutane su ce ana yi min sujada."

Mutum biyu suka ɗaga ni. Ya ce daga yau tsaye zan riƙa gaishe shi, kuma ba shawara ce ba.

Kafin damina ta zagayo ƙafar ta saki, ba a kuma yanka ni ba. Da na ji sauƙi na gwada rusunawa, ya ɗaga mini hannu ya hana. Har ya rasu a tsaye nake gaishe shi, sauran surukai na ƙasa, ni ina sama kamar giginya, ban san inda zan ajiye idona ba. Galibi tsakiyar hularsa nake kallo.