Yadda na tsaya wa rijiyar mahaifina a Tanut

Shekarun baya, tun gwamna yana zaune a Damagaram, ba a mayar da shi Yamai ba, aka so raba mu da rijiyarmu. Mahaifina ne ya haƙa ta a bakin gonarmu, arewa da Gangara. Ya rasu da kaka, kafin rani ya raba sai ga ƙanen mai garinmu yana cewa rijiyar tasu ce, wai mahaifina ƙodago kawai ya yi musu. Mai gari ya ce ba zai yi wa ɗan'uwansa shari'a ba, aka tura mu barikin Tanut, gaban kumandan, Baturen da ke mulkin yankin.

Ni ko gaban alƙali ban taɓa tsayawa ba. Mahaifiyata ta ɗaure mini guzuri ta ce, "In ruwan nan ya fita hannunmu, awakinmu sun ƙare, mu ma sai tashi. Je ka yi magana." Magana kam ina da ita, har ta yi mini yawa.

A Tanut na sauka gidan abokina, wani baduku. Shi ya kai ni wajen wani dattijo da ya daɗe yana zama kusa da alƙali in ana shari'a a bariki, sai da idonsa ya yi rauni ya bari. Duk wanda aka kira, ba shi da mai tsaya masa, zaurensa yake zuwa, kuma ko goro ba ya karɓa. Na riƙo masa zakara, ya ce in kai wa matar abokina ta yi mana miya.

Ya ce, "To, ɗauka ni ne kumandan. Faɗi abin da ya kawo ka."

Na gyara zama na faro daga yadda kakana ya baro Katsina. Ban kai ga aurensa ba dattijon ya fara minshari da gangan. Abokina ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki.

"Ɗana," in ji shi, "Bature ba ya jin Hausa sosai, ta bakin tafinta zai ji ka. In ka zuba masa tulu, moɗa ɗaya zai miƙa, kuma shi zai zaɓi wadda ya ga dama. Faɗi kaɗan ka tsaya, a juya, sannan ka ƙara. Kada ka zagi ƙanen mai garin, kada ka ce an ce." Can ya tambaye ni, "Makiyaya in sun zo shayarwa, wa suke tambaya?"

Na ce, "Mahaifina mana, Baba. Ai shi kansa mutumin, shekarar fari, sai da ya aiko neman izini kafin shanunsa su sha."

"Wa ya aiko?"

"Wani Ba'abzine mai yi masa kiwo a lokacin."

"Kana da wannan, kake ba ni labarin Katsina? Tashi ka nemo shi."

A kasuwar raƙuma na same shi. Ya ce gurasar mahaifina da ruwansa suna cikinsa, zai zo. Kwanakin da suka rage kullum ina zauren dattijon, yana katse ni, yana yi mini tsawa, har na koyi taƙaita magana.

Ranar shari'a gardi, dogarin bariki, ya kira mu. Kumandan yana kan kujera, alƙali a gefensa, tafinta a tsaye. Abokin shari'ata ya daɗe yana bayani, tafinta ya juya shi a numfashi guda. Da aka zo kaina na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifina ya haƙa rijiyar." Na tsaya. "Shi ake tambaya kafin a sha." Na tsaya. Sannan na roƙi a tambayi mutumin, shekarar fari wajen wa ya nemi izini.

Ya ce bai tuna ba. Ba'abzinen ya matso, ya ce shi aka aika, har da ƙwaryar cuku a hannunsa. Alƙali ya ce da abokin shari'ata ko zai rantse da Alƙur'ani cewa ƙarya ne. Ya dubi ƙasa ya ce a bar zancen. Aka bar mana rijiya, da sharaɗin kada mu hana kowa sha. Dama ba mu taɓa hanawa ba.

Na ruga zauren dattijon in ba shi labari, na tarar da wata mata zaune gabansa tana bayanin gadon mijinta. Ya ce, "Madalla. Matsa can, ɗana, kada ka tsare mata iska." Iyakar murnar da ya yi mini ke nan.

A lokacin na ji haushi kaɗan. Yanzu na gane cewa tawa ta riga ta wuce, ta matar ce ke gabansa. Gaskiya ina da ita tun daga gida, amma da na shiga da ita yadda na zo, da a bakin tafinta za ta narke. Tun daga ranar ba a sake kirana gaban wani babba gabana ya faɗi ba.