Kwana Biyu a Gaya da Kwamfutar Kamfani

Litinin, Malanville zuwa bakin kogi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na kulle ƙofa. A jakata akwai kwamfutar kamfanin da nake yi wa aikin shigar da bayanai daga gida, su suna Kwatano ni ina Malanville. Da hannuna na sa hannu a takarda cewa ba za ta fita ƙasar Benin ba, kuma duk wanda ya fitar da ita ya bar aiki. To amma Gwaggo Mariama, ƙanwar mahaifina da ta raine ni, hawan jini ya kada ta a Gaya ta Nijar, ƙetaren kogi, ni kuma hutuna na shekara ya ƙare. Na ji tsoron in tambaya a hana ni, sai na ƙi tambaya.

Har labulen ɗakina na ciro na naɗe, don kullum ƙarfe goma muna taro ta bidiyo, kuma shi suka saba gani a bayana. A lokacin gani nake na fi kowa dabara.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni bakin ruwa shida saura kwata, dala sittin, wato sefa ɗari uku.

Ƙetarewa

Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Benin da Nijar sai kwale-kwale. Sai bakwai da minti ashirin namu ya cika, mu wajen talatin, da buhunan albasa da babur biyu. Ruwa na taɓa mini idon sahu a cikin jirgin. Mai jirgin ya miƙo hannu.

"Hajiya, kawo jikkar in aje miki gaba."

"Bar ta nan."

"Jinjiri na ciki?"

Aka yi dariya, ban da ni. Na rungume ta a ƙirji har muka kai, minti ashirin da biyar, dala ɗari biyu.

A gaɓar Nijar wani ɗan duwan, wato kwastan, ya sa na buɗe jaka. Ya juya kwamfutar, ya ga tambarin kamfani a bayanta.

"Wagga ta wa ta?"

"Ta aiki ta."

"Sun san kin taho da ita?"

Na ce sun sani. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce in wuce. Na hau wani kabu-kabun.

Gaya

Tara saura minti goma na shiga gidan. Gwaggo na kwance, ta rame, amma bakinta na nan yadda na san shi. Kafin in gama gaisuwa ta ce a kawo mini fura, ta kuma ce na yi baƙi.

Layina na Benin nake so in yi aiki da shi, don kada a ga na shiga daga wata ƙasa. Na zagaya gidan da waya a sama kamar mai neman wata. Wuri ɗaya kaɗai yake kamawa, tagar ɗakin Gwaggo da ke kallon kogi. Nan na ɗaura labulen tsakanina da gadonta, na roƙe ta ta yi shiru rabin awa. Taron Litinin ya wuce lafiya. Na ci tuwon gero miyar kuka da rana, cikina bai ma san na ci ba.

Talata

Abin da ban lissafa ba shi ne halin Gwaggo. A ranar ta ji dama-dama. Shugabanmu Alasan, da muke ce wa Mushe irin na Faransanci, mutumin Jugu ne mai jin Hausa, yana cikin magana sai na ji labule ya motsa. Ta leƙo da kanta ta kafaɗata.

"Rakiya, jiya ma na ji muryatai. Mutum shi shigo ɗakina kwana biyu ban gaishe shi ba? Wane ne wanga?"

Ta matso kusa da kwamfutar.

"Kai ne maigidanta? Sannu da zuwa Gaya. Na gode da kab bar min ɗiyata ta taho jinyata. Allah shi ba ka masu yi maka."

Ban da ni, mutum takwas ne a taron. Mushe Alasan ya amsa mata da ladabi, ya tambayi jiki, ya yi mata fatan sauƙi. Sannan ya koma Faransanci ya ce in kira shi bayan taro.

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce da na tambaya da ya nemo mini kwana uku. Yanzu kuwa mutum bakwai sun ji, dole ya rubuta. Ya ce kwamfutar ta kwana Benin yau.

Komawa

Na bar Gaya ƙarfe huɗu, bayan na ce wa Gwaggo aiki ya taso. Kogin ya fi jiya iska, amma ban ma lura da ruwa ba, lissafin abin da zan faɗa wa Kwatano nake yi. Biyar da rabi ina ɗakina. Na gode wa Allah da ya kai ni na ga Gwaggo da idona, ya kuma maido ni da kayan mutane ba ko ƙwarzane.

Ranar Juma'a takarda ta zo. Aikina zai tsaya ƙarshen wata, kwamfuta kuma in saka ta a motar Kwatano. Na yi kuka, kuma ban ga laifin kowa ba sai nawa.

Gwaggo ta miƙe, har tana zuwa kasuwa. Ban faɗa mata ba, na kuma hana a faɗa mata. Duk sanda na kira ta sai ta ce in gaida mata mutumin kirkin nan, ni kuma in ce zai ji.