Ɗiyar Yayata da Ba Ta Magana

Shekara huɗu na yi ina koyarwa a wata firamare a Bodinga kafin ɗiyar yayata ta hana ni sukuni. Yaya tana aure a Shagari. Yarinyar ta kai shekara biyar ko "Inna" ba ta taɓa furtawa ba. A kira ta ba za ta waiwayo ba, amma da injin niƙan maƙwabta ya tashi sai ta toshe kunnuwa ta yi ta ihu har muryarta ta dushe. An yi hayaƙi, an sha rubutu. Da aka kai ta asibiti a Sakkwato, likita ya ce larura ce da ake kira otizim, kuma ba allura take bukata ba, mai koya mata a sannu take bukata. Yaya ta ce ina ake samunsa? Ya ce su kaɗan ne.

Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ina gaban allo, hankalina yana Shagari. Kowace Asabar ina cikin mota zuwa can, ina kallon bidiyon masu wannan aiki a waya. Na ɗauka na iya. Rannan na kama fuskar yarinyar da hannu biyu don ta dube ni, ta gantsara mini cizo, ta yi mako uku ba ta yarda na matso kusa da ita ba. Na koma gida ina jin haushin kaina.

Daga baya na ji labarin wata malama a Sakkwato da ta karanci gyaran ɗabi'ar irin waɗannan yara. Na gaya wa Baba ina son in riƙa zuwa wurinta koyo.

Ya ajiye buhun irin albasa da ke hannunsa ya ce, "Wanga aiki mi as sunanai? Likita za ki zama ko malama?"

Na ce, "Baba, ni ma ban san yadda zan kira shi ba tukuna."

Ya ce, "To, ki tahi. Amma kak ki aje aikinki."

Abu na farko da malamar ta ce mini shi ne, "Surutunki ya yi yawa. Ki zauna ki duba abin da ke faruwa kafin yarinyar ta fara ihu." Na je gidan Yaya na zauna a gindin turmi da littafi a cinyata. A Asabar ta uku na gane: ba injin kaɗai ba ne, duk sanda ƙishi ya kama ta haka take yi. Na zana moɗa a kwali. Idan ta taɓa kwalin, in ba ta ruwa nan take. Wata biyu muna haka. Wata rana da hantsi ta ɗauko kwalin da kanta ta ɗora a tafin Yaya. Yaya ta zuba ruwan da sauri, rabi ya zube ƙasa.

Har yanzu ba ta magana, ni ma ban gama koyo ba. Amma labari ya bazu. Makon jiya wata mata ta zo daga Danchadi da ɗanta a goye, ga shi ya wuce goyo. Ta ce, "Malama, zai yi magana?"

Na ce, "Ban sani ba, baiwar Allah. Ki sauke shi, mu zauna mu dube shi tukuna."