Wa Ke Huda Mana Silifas?

Shekaranjiya, bayan ruwan saman nan da ya kusa ɗaukar Agege ya kai ta teku, na tsaya a bakin layinmu ina kallon warin silifas yana tafiya a cikin lambatu. Sabo ne dal, mai kauri, ko ƙwarzane babu. Wasu yara biyu suna zaune a kan benci kusa da ni, sun haɗa kai a kan wayar yayansu, ko ɗago ido ba su yi ba har ya wuce. Na ce a raina, Allah Sarki! A zamaninmu, kuma kada ka yi mini dariya mai karatu, shekaruna goma sha bakwai amma ni ma ina da zamani, wannan warin tayoyi huɗu ne har da safaya, kuma sai an fasa wa wani baki kafin a san mai shi.

Motar gwangwani muke yi. Ka samo gwangwanin madara ko na kifi, ka huda shi da ƙusa, ka zura tsinke, ka yanko tayoyi daga mataccen silifas da reza, ka ɗaura zare ka ja. Shi ke nan ka zama oga mai danfo, bas ɗin hayar Legas, kana kiran Oshodi da Mile 12 a tsakar gida har muryarka ta dushe. Damina ita ce kakarmu, domin ruwa yakan kawo mana silifas daga unguwannin da ba mu taɓa zuwa ba. Ni dai ban ƙware ba. Tayoyina sukan fito kamar ƙosan mai koyo, wannan dogo, wannan mai kusurwa, motata tana tafiya tana ɗingishi. Amma a surutu da ɓarna babu wanda ya kamo ƙafata, shi ya sa ko kaza ce ta yi tari a layinmu, sunana ake fara kira.

Gidan haya muke, irin mai dogon lungu da ɗakuna suna kallon juna. Mai gidan wata dattijuwar Bayarbiya ce, muna ce mata Iya, tana jin Hausa kamar jakin Kano in ta so, in ba ta so ba kuma ko sannu ba ta ganewa. Abba yana sayar da tumatir a Mile 12, yana fita tun da asuba. A daminar da nake ba ka labari, ina ɗan shekara tara ko goma, aka kawo Kaka, mahaifin Abba, daga ƙauye don a duba masa ƙafa a asibiti. Aka ba shi ɗakin ƙarshe. Mutumin da ya saba da gona da majalisa da awakinsa, ga shi a ɗaki kamar akwati, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta. Yana da ɗan kaskon gawayi da yake dafa saiwoyinsa, ya ce shi maganin likita bai isa ya shiga cikinsa shi kaɗai ba, sai da rakiya.

To, a lokacin ne aka fara huda silifas.

Na wani yaro ɗan haya a gidanmu, mai dako a kasuwar su Abba, aka fara. Ya dawo ya ajiye a ƙofar ɗaki, ya yi barcin rana, ya tashi ya tarar da rami a daidai dunduniya, zagayayye sumul kamar bakin kofi. Bayan kwana biyu sai na banɗaki, wanda gidan duka ke sawa. Sai na Umma. Mutane suka koma shiga ɗaki da takalmansu a hammata. Har mai shayin ƙofar gida ya ɗaure nasa da igiya a ƙafar tebur. Kuma duk inda na gifta, idanu suna bina kamar na haɗiye kuɗin masallaci.

Ni kuwa na san ba ni ba ne, don haka na shiga zargin kowa. Na fara da abokina, jikan Iya, domin na ga yana yawan murmushi ba dalili. Na bi shi har bayan gida, na ƙwace motarsa, sai na tarar tayoyinsa na marfin kwalba ne. Na koma kan Buzun da ke gyaran takalma a bakin titi, na ce ai shi ke cin ribar abin. Na wuni ina leƙensa daga bayan kes ɗin mai burodi har ya kira ni ya tambaye ni ko yunwa nake ji. Na zargi ƙanwata, duk da ko reza ba a barinta ta taɓa. Na zargi ɓerayen Agege, waɗanda ka san wasunsu in sun tsaya a lungu sai ka yi musu sallama ka raɓa. Amma ɓera ba ya cin abu zagayayye haka, sai dai in ya yi makarantar koyon sana'a.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Bakin kowane rami baƙi ne, ya ɗan narke, kuma tsakanin azahar da la'asar, lokacin da manya ke kasuwa mu kuma muna Islamiyya, ake yin aikin. Wata rana ciwon cikin ƙarya ya dawo da ni gida da wuri, sai na ji ƙaurin roba a lungu. Na bi shi da hanci har ƙofar Kaka. Na leƙa na ce, "Tsoho, me kake ƙonawa?"

Ya ja bargo ya rufe wani abu a gefensa. Ya ce, "Maganin ƙafa ne, ja'iri. Ko kana so ka sha?"

Daga ranar na sa masa ido. Na lura duk wanda ya shigo gaishe shi, ba fuskarsa yake fara kallo ba, ƙafarsa yake kallo.

Ranar da aka huda na Iya ne gidan ya kama da wuta. Shuɗi ne, mai kauri kamar katifa, 'yarta ce ta kawo mata. Rami huɗu aka yi masa, biyu a kowane wari. Iya ta fito tsakar gida tana ɗaga su sama tana ihu da Yarbanci, ta juya Hausa, ta koma Turancin kasuwa, duk dai ni take nunawa. Da Abba ya dawo da yamma ta tare shi tun bai ajiye hula ba.

Aka yi zaman shari'a a tsakar gida. Aka fito wa Kaka da kujera a matsayinsa na babba, ya zauna yana jan carbi yana girgiza kai, wai yaran zamani. Umma tana bakin murhu, ta juya baya. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta kare ni a gaban surukinta. Abba ya ce, "Kai yaron nan, na gaji. Hutun nan gaba ɗaya Oko-Oba za ka yi shi wurin kawunka, ka wanke tumbi da hanji har ka yi hankali."

In ba ka taɓa zuwa mayankar Oko-Oba da damina ba, ba za ka gane abin da aka yanke mini ba. Ƙudan wurin suna da unguwanni da masu unguwa. Wanda ya wanke tumbi na mako guda, ko an yi masa wanka da turare karnuka sai sun raka shi gida. Ga dogon hutu, ga lambatu cike da silifas, ga ni can ina juya hanjin shanu.

Na ruga na ɗauko motata na ajiye a gabansu. Na ce su dubi tayoyina su dubi ramukan, in sun yi kama a kai ni Oko-Oba a bar ni can har in yi gemu. Kaka ya miƙo hannu ya karɓa. Ya juya ta, ya murza taya ɗaya da yatsa, ya taɓe baki.

Ya ce, "Wannan ai aikin reza ne, aikin ragwaye. Mai hankali ƙaramin gwangwanin tumatir yake ɗorawa a garwashi, in bakin ya yi ja ya danna sau ɗaya, ya murɗa. Sai ta fito kamar an haife ta."

Ya faɗa ne da daɗin baki, har da gwada murɗawar da hannu, kafin ya tuna inda yake ya koma kan carbinsa da sauri. Na dubi Abba. Yana riƙe da silifas ɗin Iya, yana shafa baƙin bakin ramin da babban yatsa, a hankali, kamar mai shafa tabon da ya sani. Daga baya ne ya gaya mini cewa da irin tayoyin nan Kaka ya yi masa motarsa ta farko. A lokacin dai sunkuyar da kai ya yi. Na ga ya gane, na kuma ga ba zai taɓa faɗa ba. Wane ɗa ne zai ce wa mahaifinsa ya huda takalmin mai gida, a gaban 'yan haya? Ya yi gyaran murya ya ce, "To, ko ma dai yaya ne, gobe ka shirya kayanka."

A nan na tuna cewa a duk faɗin gidan nan mutum ɗaya ne yake da lasisin faɗa wa tsohon nan magana, kuma ni ne. Jika da kaka ai abokan wasa ne.

Na ce, "Kai tsoho, ka ji tsoron Allah. Fito da motar da ke ƙarƙashin bargonka."

Wallahi ban taɓa ganin motar ba, jifa na yi a duhu. Umma ta saki ludayi. Kaka ya zaro ido ya ce, "Wa ya gan ni?"

Na ce, "Hancina ya gan ka. Tun yaushe ake maganin ƙafa da takalmin Iya?"

Ya ce, "Ku ji ɗan nema! So yake a kore ni daga gidan ya gaje mini mata. To ba za ta aure ka ba, mai mota kamar kaza ta karye."

Mai dakon nan ne ya fara fashewa da dariya, ya toshe baki ya shige ɗaki. Iya ta dubi Kaka, ta dubi furfurarsa, ta dubi Abba da ke neman ƙasa ta tsage ya shige. Ta daɗe tana kallon ramukanta huɗu. Sannan ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Baba, na gane. Ɓera ne. Ɓeran gidan nan ya yi yawa."

Kowa ya yarda ɓera ne. Washegari Abba ya dawo daga kasuwa da leda cike da sababbin silifas, ya bi ɗaki ɗaki yana ba da haƙuri a madadin ɓera. Maganar Oko-Oba kuwa ba a sake tayar da ita ba.

Bayan 'yan kwanaki na tashi na tarar da mota a ƙofar ɗakinmu. Ban taɓa ganin irinta ba. Doguwar tirela ce ta gwangwanayen madara, ƙofofinta suna buɗewa, da dogon sitiyarin waya da kake riƙewa a tsaye kana juya ta, ga tayoyi iri iri, na gaba shuɗaye masu kauri. Ba ta ɗingishi, ba ta ƙara, tafiya take kamar a kan ruwa. Na tuƙa ta na bi ta gaban Iya tana tsintar wake. Ta bi tayoyin da kallo har na kai ƙofa, ta ce, "Ɓeran nan injiniya ne."

Sauran hutun a ɗakin Kaka muka yi shi, ni da jikan Iya da rabin yaran layi. Mu kawo masa silifas na lambatu, halaltattu, shi kuma yana gasa gwangwani yana ba mu labarin motocin kara da suka yi suna yara, masu tayoyin sakaina, da yadda ya fi duk ƙauyensu iya langa. Wannan na ƙarshen ban yarda ba, domin duk tsohon da na sani shi ne zakaran ƙauyensu, ban san su wa aka riƙa kayarwa ba. Ƙafar dai ta yi sauƙi, ya koma gida kafin kaka.

Yanzu yaran gidanmu motocinsu a cikin waya suke, masu gudu da ƙara da fitilu, ba sa buƙatar gwangwani balle garwashi. Takalma suna kwana a lungu su tsufa su mutu da mutuncinsu. Iya ta ce an samu zaman lafiya, ni kuwa gani nake gidan ya yi shiru da yawa.

Har yau tsohon bai amsa laifinsa ba. Da sallar da ta wuce Abba ya miƙo mini waya mu gaisa, na ce masa ya tsufa, ya kamata ya faɗi gaskiya ya huta. Ya ce shi bai san zancen da nake yi ba, in ina da shaida in kawo. Muka yi sallama, har zan kashe, sai na ji ya rage murya.

"Kai, tsaya. Wai har yanzu ana sayar da irin shuɗin nan mai kauri a Legas?"