Mai Famfo da Layukan Auta

Kullum da safe, kafin ya share ƙofar shagonsa, Mai Famfo sai ya cika bokiti da ruwa ya tura shi ƙarƙashin tebur. Sannan ya jera kayan aiki: tiyo a nannaɗe, zobban roba cikin tsohon gwangwani, da wata doguwar sukundireba wadda mariƙinta ya yi santsi saboda yawan kara shi a kunne. Kwamfuta yake gyarawa, irin manyan nan na kan tebur da ruwa ke zagayawa a cikinsu yana sanyaya su. A da tankin ruwan mota yake gyarawa. In ka tambaye shi yadda aka yi ya sauya sana'a, cewa yake bai sauya ba, ruwa ne dai da zafi, gidan ne kawai ya ƙanƙance.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Kunnensa ya fara tafiya, shi kuwa da kunne yake aiki. Ni ba mai yabon mutane ba ce. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da kimiyya, ɗalibaina za su shaida cewa "ba laifi" shi ne iyakar yabona. Amma wannan bawan Allah, ba zan bari ya rufe ƙofa shiru ba.

Tela maƙwabcinsa ne ya fara ba ni labarinsa. Wai wani mai haɗa fina-finai ya taɓa zuwa da kwamfutarsa, yana huci.

"Malam, babban famfo nake so, wanda ya fi kowanne ƙarfi."

"Babba a wace kwalba?" in ji Mai Famfo. Kwalba yake kiran tankin da ruwan ke taruwa a ciki. "Taka ba ta wuce kofin shayi ba. Zai juya ruwan ya yi guguwa, ya zuƙi iska, ya yi ta ƙara kamar mai kurkure baki."

Mutumin ya yi fushi ya je wani wuri aka sa masa babban. Bayan mako biyu sai ga shi, kwamfuta tana kurkure baki tun daga bakin layi. Mai Famfo ya karɓa ya gyara. Tela ne ya faɗi "ai an gaya maka" a madadinsa, ta taga, har sau biyu.

Ni kuwa abin da ya kai ni daban ne. Auta, 'yata ta ƙarshe, zanen gine-gine take yi, kuma da hannunta ta haɗa kwamfutarta. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta. An ce mini a rabar da kayan mamaci zuciya ta huta. Na rabar da tufafinta kaf, zuciyar ba ta samu labari ba. Kwamfutar kam na hana. Duk safiya nakan kunna ta in koma falo da littafina. Tana da wani gunji ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana rera waƙa baki a rufe a ɗaya ɗakin. Muddin ina jin sa, mu biyu ne a gidan.

Wata safiya ta yi tari, ta yi shiru.

Babban ɗana ya ce, "Mama, a kwashe abin da ke ciki a zuba miki a ƙarama ta hannu. Wa ke zama da ruwa cikin na'urar lantarki?"

Na ce, "Na kwashe tun kana neman inda ake kunnawa. Ɗauko mini ita ka sa a mota."

Mai Famfo ya buɗe ta, ya leƙa, ya ɗago.

"Malama, yaushe rabon da ki ƙara mata ruwa?"

"Au, ana ƙarawa ne?"

Ni ce fa na yi wannan tambayar, ni da na tsufa ina koya wa yara yadda ruwa ke ƙafewa. Bai yi mini dariya ba, ko da yake na ga gemunsa ya motsa.

"Tiyo yana shan nasa kaɗan-kaɗan," in ji shi. "Ruwa ya sauka, famfo ya haɗiyi iska, ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Famfo ba ya jure ƙishi, shi ya sa kullum a ƙasan kwalba ake zaunar da shi. Ita ma kwalbar ta tsattsage a gindi. In aka bar ta, wata rana za ta yi yoyo ta kashe komai."

Na ce, "Kwalbar nan ba za a taɓa ta ba."

Ya ɗaga ta wajen haske. A jikinta akwai layuka goma sha ɗaya da baƙin alƙalami, kowanne da kwanan wata a gefe. Ashe duk lokacin da Auta za ta ƙara ruwa, sai ta ja layi a inda ya sauka. Na ƙarshen, mako uku ne kafin mu kai ta asibiti. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, bai tambaye ni komai ba. Cewa ya yi, "Ba ni kwana uku."

Da na dawo tare da ɗana, na tarar ya jera famfo uku a tebur, kowanne da tiyo zuwa bokiti.

"Juya baya, Malama. Kunnena ya riga ni ritaya. Dukansu za su iya aikin, ke za ki zaɓi muryar."

Ya kunna na farko. Na ce wannan sauro ne. Na biyu, injin niƙa. Na uku irin tsohon ne sak, har ya murɗa masa maɓallin gudu zuwa lamba biyu, inda Auta ta bar nata.

Na daɗe ina saurare. "Ya yi kusa. Amma ba shi ba ne. Akwai wata rawa a muryarsa."

Ɗana ya ce, "Haba Mama, famfo ne fa, ba mawaƙi ba."

"Ƙyale ta," in ji Mai Famfo. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a tebur, ya rufe ido, yana jin girgizar da fatarsa. Can sai ya miƙe ya sa hannu cikin kwamfutar, daidai inda tsohon famfon yake zaune, ya ɓamɓaro wata shuɗiyar roba mai kusurwa huɗu. Ya zura ta ƙarƙashin sabon.

Sai ga muryar. Ita ce, ba ragi.

Na juyo na dubi robar. Na san shuɗin nan, na san zanen da ke ƙasanta. Tafin silifas ɗina ne na hagu, wanda ya ɓata shekara shida da suka wuce. Na zargi ɓera, na zargi ƙanwata har muka yi kwana biyu ba ma magana, ita kuwa Auta tana durƙushe tana taya ni leƙa ƙarƙashin gado. Na fashe da dariya, ban san lokacin da ta koma kuka ba.

Tela ya leƙo. "Lafiya dai?"

"Lafiya lau," in ji Mai Famfo. "Ɓarawon takalmi aka kama."

Kwalbar kuwa, sabuwa ya nemo wadda ta ɗan fi tsohuwar siranta. Ya yanke gindin da ya tsage, ya zura tsohuwar a kan sabuwar kamar riga. Ruwan yana cikin mai lafiya, layukan Auta suna kansa, ba wanda ya goge.

Mai Famfo, kai ne ka gane cewa ba kwamfuta na kawo maka ba, kuma ba ka taɓa faɗa ba. Kai ne mai kunne a tafin hannu. Da wani ne, da ya karanta mini lissafin gudun ruwa, ya sa mini mafi ƙarfi, ya sallame ni. Kai ka san lissafin fiye da su, amma ka tsaya ka tambayi tsohuwa me take ji. Na gode. Allah ya sa hutun nan ya karɓe ka, ya bar maka sauran jin da zai ishe ka muryar jikokinka.

Ku kuma da za ku gaji sana'ar, ku je ku zauna kusa da bokitinsa kafin wata ya ƙare. Ku koyi auna kwalba kafin ku zaɓi famfo, ku koyi ɗaga abu wajen haske kafin ku jefar.

Ranar da zan tafi da kwamfutar, ya miƙo mini baƙin alƙalami. "Duk wata huɗu ki duba, Malama. In ya sauka, ki ja layi, ki sa kwanan wata, ki ƙara. Lokacin ni ba na nan."

Ban iya jiran wata huɗun ba, jiya na ja nawa na farko, dab da nata na ƙarshe. Layin ya ɗan karkace. Yanzu haka da nake rubutun nan tana gunji a ɗaya ɗakin. Na bar ƙofar a buɗe.