Inuwar Hasumiya da La'asar

A unguwar Shifa ta Riyad ɗakinmu ɗaya da wani dattijo mai dafa shayi a kasuwar Batha. Baba nake ce masa. Ni direban wani Balarabe ne, shi kuwa tun yana yaro ya shigo ƙasar nan a jirgin ruwa na katako, tare da iyayensa maniyyata.

Hirarsa ɗaya ce, har na haddace ta: tsohuwar hasumiyar fitila ta bakin teku, mai haska wa jirage hanya. Mahaifiyarsa a cikin jirgi ta cika, ana hango hasken. Da suka sauka, mahaifinsa ya rufe ta a nan, ba dutse ba alama. Ya ce masa, "Riƙe wannan: inda inuwar hasumiya ke kwanciya da la'asar, nan uwarka take."

Bai taɓa komawa ba. Takardunsa na zama sun mutu tun ban san Riyad ba, ga shingen bincike a hanya. Nakan tsokane shi in ce, "Baba, kai da teku sai a waya." Ya yi dariya ya ce in sha shayina in rufe masa baki.

Da hutu ya zo, maigidana ya ce mu kai iyali bakin teku, kuma ashe garin da hasumiyar take ne. Baba har da riƙe mini hannu. Ba tsaraba yake so ba, in ɗauko masa wurin kawai ya gani.

Kai, sun gyara hasumiyar! An yi mata farin fenti, an kafa allo mai bayanin tarihinta, yara na ɗaukar hoto. Na sauke iyali, na yi abin da kowane direba ke yi a irin wannan zafin rana: na nemi inuwa na cusa mota. Mu da yawa ne, har da cacar baki kan wuri. Na yi sallar la'asar, na ɗauki bidiyo ina ta murna.

Wallahi sai da na dawo Riyad, muna zaune a kan katifa yana kallo, sannan na ga abin da na ɗauko. Inuwar ta miƙe ta kwanta a kan kwalta, motoci jere a cikinta.

"Tsayar," in ji shi. Na tsayar.

Na ce mu je mu faɗa wa masu kula da wurin. Ya dube ni. Wa zai je? Shi da ba ya iya fita gari, ko ni da ba na motsi sai da izinin maigida? Mu ce musu me, shaidarmu inuwa? Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗa.

Ya sa yatsa a kan wata farar mota da ke tsakiyar inuwar.

"Wannan ta wa ce?"

"Tamu ce, Baba."

Ya daɗe bai ɗaga yatsan ba. Can ya ce, "To alhamdulillahi. Ko ba komai, wani nawa ya tsaya a kanta."